Ko Zaman Aji Ɗaya Yakan Haɗa Kan Ƙasashe?

Tun ran 28 ga watan Mayu 1975, da shugabannin ƙasashe 15 suka kafa Ƙungiyar Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, a birnin Ikko, masana ke cewa yarjejeniya ba ta yin saiwa sai jama'a sun san juna. Hanyar da suka fi ambata ita ce musayar ɗalibai: a tura matashi wata ƙasa ya yi karatu, ya ci tuwonsu, ya ji harshensu, ya komo gida da wani ido dabam.

An taɓa gwada irin wannan a Afirka ta Yamma, ko da yake ba don haɗin kai aka yi ba. Faransawa sun riƙa ɗibar zaɓaɓɓun yara daga ƙasashen da suke mulka suna tara su a Makarantar William Ponty ta Senegal, don samun malamai da akawuna da ma'aikatan asibiti. Can Hamani Diori na Nijar ya yi karatu, haka Modibo Keita na Mali, da Hubert Maga na Dahome, da Mamadou Dia na Senegal, da Houphouet-Boigny na Kwaddibuwa. Sanayyar nan ta yi rana. Yayin da aka kafa jam'iyyar RDA a Bamako cikin 1946, tsofaffin ɗaliban Ponty na cikin manyanta, kuma ita ce jam'iyyar da ta ratsa iyakokin yankin.

To, amma da mulki ya zo hannu sai kowa ya ja zarensa. Houphouet-Boigny, wanda ƙasarsa ke da arzikin koko da kofi, ya ƙi yarda da tarayyar da za ta sa ya ciyar da maƙwabta. Tarayyar Mali, wadda ta haɗa Senegal da Mali ta yanzu, ta wargaje cikin watan Agusta 1960, alhali Keita da Dia makaranta ɗaya ta yaye su. Zumuncin ɗakin kwana bai rinjayi lissafin baitulmali ba.

Turawa ma sun ɗauki wannan hanya da shirin Erasmus, wanda suka fara a 1987 da ɗalibai 3,244, kafin adadin waɗanda suka amfana ya kai miliyoyi. Sai dai masu binciken da suka bi ɗaliban kafin tafiya da bayan komowa sun sha samun cewa yawancinsu tun suna gida suke goyon bayan haɗin kan Turai. Watau shirin ya fi jan wanda ya riga ya yarda. Wanda ke tsoron baƙo kuwa, ko takardar neman tafiya ba ya cikawa.

A nan Nijeriya, a da ɗalibin jami'a mai nazarin Faransanci yakan yi shekara guda a Faransa ko a wata ƙasa irin su Togo. Da kuɗin waje ya yi wuya, Gwamnatin Tarayya ta buɗe Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry cikin 1991, aka mai da shekarar can. An yi tsimin kuɗi, babu shakka, an kuma koyi harshe. Abin da aka rasa shi ne zama da mutanen da ke da harshen.

Abin mamaki, musayar da ta fi daɗewa ba gwamnati ce ta tsara ta ba. Almajiran Damagaram da Maraɗi sun daɗe suna zuwa Kano da Zariya neman ilmi, ba su taɓa jiran izinin wata hukuma ba. Cikin watan Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, ba a kuwa nemi shawarar waɗannan almajirai ba, kamar yadda ba a nema ba ranar da aka shiga.