Yadda Ake Hira da Mutane Idan Za Ka Haɗa Dokumentari da Wayarka

Matasa da yawa a yankinmu na Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara sun fara ɗaukar bidiyo da waya domin nuna halin da garuruwansu ke ciki, tun daga noman masara da cin kasuwa har zuwa matsalar tsaro. Irin wannan fim da ake haɗawa da mutanen gaske da labarin gaske shi ake kira dokumentari, kuma hira ce ƙashin bayansa.

Ni aikina rubuta manhaja ne, ɗaukar bidiyo kuwa da kuskure na koye shi. Hirata ta farko da wani dattijo manomi na yi ta a nan Sabuwa. Mun yi kusan rabin awa, da na koma gida na kunna sai na tarar ƙarar injin niƙa ta cinye maganar gaba ɗaya. Ga abubuwan da na koya tun daga ranar.

1. Nemi izini kafin ka fito da waya

Idan baƙon wuri ne, fara da gaida mai unguwa ko dagaci, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. A yankin da mutane ke tsoron infoma, duk wanda aka gani yana ɗaukar hoto ba da sanin kowa ba zai jawo wa kansa zargi. Sannan ka yi wa wanda za ka tattauna da shi bayani dalla-dalla: a Facebook za ka saka ko a YouTube, kuma kowa zai iya gani, har wanda ba ya so ya gani. Idan ya amince, ka ɗauki amincewar tasa a farkon bidiyon. Idan mace ce a cikin gida, ya fi a samu 'yar uwarta mace ta yi hirar. Yaro kuwa sai da yardar iyayensa.

2. Shirya wayar

Saka ta a yanayin jirgin sama, domin kira ɗaya zai iya katse ɗaukar a daidai inda magana ta yi daɗi. Goge gilashin kyamara, ka kwantar da wayar a kwance. Zaɓi 1080p maimakon 4K. A yawancin wayoyi minti ɗaya na 1080p yana cin megabait 100 zuwa 130, ke nan hirar rabin awa za ta kai gigabait 3 zuwa 4, don haka duba sauran wurin ajiyarka. Riƙe fawa-bank. Idan ba ka da sandar ɗora waya, jingina ta a kan buhu ko benci, kada ka riƙe a hannu.

3. Sauti ya fi hoto muhimmanci

Mutane suna haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba sa haƙuri da maganar da ba a ji. Sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, ka maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Wasu wayoyin Android ba sa karɓar makirufon waje a kyamararsu ta asali. Idan taka haka take, manhajar Open Camera kyauta ce kuma tana ba ka damar zaɓar makirufon da kake so. In babu makirufo, ajiye waya ta biyu kusa da bakin mai magana tana naɗar murya, ka tafa hannu sau ɗaya a farko domin daidaita sautin da hoton wajen tacewa.

Nisanci janareta, injin niƙa da bakin titi. A lokacin hunturu rufe makirufon da soso saboda iska. Lura da lokacin kiran sallah. Gwada daƙiƙa 20 ka saurara da abin kunne kafin a fara.

4. Wurin zama da haske

Zaunar da shi a inuwa, haske yana fuskantar fuskarsa. Idan rana ko taga tana bayansa, fuskar za ta yi baƙi. Wayar ta daidaita da idonsa, kai kuma ka zauna dab da ita, ka ce ya dube ka kamar kuna hira a zaure. Hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana kyawun haske.

5. Yadda ake tambaya

Guji tambayar da amsarta "eh" ko "a'a" ce. Maimakon "Baba, noma ya yi wahala bana?" ka ce "Baba, ba ni labarin yadda damunar bana ta kasance muku." Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Fara da masu sauƙi, masu nauyi su biyo baya. Kada ka saka masa magana a baki.

Al'adarmu ce mu riƙa cewa "na'am" da "haka ne" idan babba yana magana. A nan sai ka riƙa gyaɗa kai kawai, domin muryarka za ta hau kan tasa kuma ba ta ciruwa. Ka sanar da shi tun farko don kada ya ɗauka raini ne. Idan ya yi shiru, kada ka yi gaggawa, sau da yawa maganar da ta fi nauyi bayan shirun take fitowa. A ƙarshe ka ce, "Akwai abin da ban tambaya ba da kuke so a sani?"

Idan labarin na baƙin ciki ne, misali hira da iyalan ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara su sama da 300 da aka sace ranar 11 ga Disamba 2020, bar mutum ya tsaya inda ya ga dama. Idan ya ce a kashe, a kashe.

6. Kare wanda ya yi maka magana

Wannan shi ne mafi girma. Kai za ka ɗauka ka tafi, shi kuwa a garin zai kwana. Kashe alamar wuri a saitin kyamara, domin waya tana iya rubuta inda aka ɗauki bidiyo a cikin fayil ɗin. Idan maganar ta shafi 'yan bindiga, ɗauke shi ta baya ko ka ɗauki hannayensa kawai. CapCut da YouTube Studio suna dusashe fuska, amma a ƙauye ana gane mutum da murya, da hula, har da bishiyar da ke ƙofar gidansa. Abin da ya fi shi ne wani dabam ya karanta maganar tasa, ka kuma sanar da masu kallo cewa an yi haka. Cire sunan ƙauye da duk sunan da ya ambata.

Kada neman mabiya ya kai ka daji wajen 'yan bindiga. A watan Agustan 2022 hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan dokumentarin da ta yi game da 'yan bindiga, ta kuma ci tarar wasu kamfanonin da suka haska na BBC Africa Eye kan Zamfara. Waɗannan suna da lauyoyi da editoci, kai kuwa daga kai sai wayarka.

7. Ajiya

Kada ka riƙa yawo a hanya da ɗanyen bidiyo a waya. Kwashe shi zuwa kwamfuta ko filashi a ranar, kwafi biyu. Kada ka dogara da intanet kaɗai. Mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a Satumban 2021, har da Sabuwa. Idan za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin fayil don kada ingancinsa ya ragu.

Kafin ka wallafa, koma ka nuna wa mai maganar ɓangarensa. Idan ya ce a cire wani abu, cire shi ko da shi ne ya fi armashi. Fara gwaji da wani dattijo a gidanku kan tarihin unguwarku. Allah Ya ba mu zaman lafiya, sai mun haɗu a darasi na gaba kan tace bidiyo.