Ko Azurfa Za Ta Cece Mu Daga Cututtukan Da Ba Sa Jin Magani?

Duk wanda yake zuwa gaida marasa lafiya a ƙauyukan Malumfashi, Ƙafur da Bakori ya san wannan kuka: an sha magani, an yi allura, amma ciwo yana nan. Manomi ya sare ƙafa da fartanya, gyambo ya ƙi warkewa har kaka ta wuce. Wasu sukan ce sammu ne, wasu su ce maganin jabu ne. Sau da yawa kuwa dalilin shi ne ƙwayoyin cutar sun saba da maganin, sun daina jinsa.

Mun riga mun ga irin wannan da idonmu. Kulorokwin da iyayenmu suka dogara da shi don zazzaɓin cizon sauro ya rasa ƙarfi, har gwamnatin Nijeriya ta sauya shi a 2005. Yanzu abin ya kai ga su fenisilin da kafso mai ja da rawaya da muke saye a kemis. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wuya.

Wannan ya sa masana suka waiwayi azurfa. Ba sabon abu ba ne. Tun wajen 1881 wani likita a Jamus mai suna Credé yake ɗiga ruwan gishirin azurfa a idon jarirai don kada su makance, kuma tun 1968 ake shafa wa masu ƙuna wani man da ke ɗauke da ita. Abin da yake sabo shi ne yadda ake mai da azurfa, da tagulla, da zinariya su zama gari mai laushin gaske, wanda sai an jera ɗaruruwan ƙwayoyinsa kafin su kai kaurin silin gashi guda. Maganin da muka sani yakan bi ƙofa ɗaya ya shiga ƙwayar cuta, in ta toshe ƙofar shi ke nan. Garin azurfa kuwa yana huda fatarta, ya lalata abin da ke cikinta, ya hana ta hayayyafa, duk a lokaci ɗaya. Ana amfani da bandeji mai azurfa a asibitocin ƙasashe da yawa, kuma a jami'o'inmu ana gwada haɗa garin da ruwan ganyen zogale ko na bedi.

To, amma kada ganin hadari ya sa mu yi wanka da kashi. Yawancin wannan aiki yana ɗakin gwaji tukuna, bai zama ƙwaya ko allurar da likita zai rubuta ba. Azurfa ma ba ta fi ƙarfin bijirewa ba: a 1975 an ba da rahoton ƙwayar cutar da ba ta jinta a ɗakin masu ƙuna na wani asibitin Amurka, a 2018 kuma masana a ƙasar Cek suka nuna cewa wasu ƙwayoyin sun koyi dunƙule garin don kada ya taɓa su. Haka nan in wani ya kawo muku kwalbar "ruwan azurfa" ya ce a sha, ku guje shi. Yawan shansa yana mai da fata shuɗiya-shuɗiya, kuma ba ta komawa.

Me ya rage a hannunmu? Shi Fleming da ya gano fenisilin a 1928 ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa cuta jure masa. Haka kuwa muke yi. Mukan sayi kafso biyu don kuɗin ke nan, mu sha don mura wadda ba ya yi mata komai, mu ba maƙwabci ragowar, mu zuba wa kaji a ruwa.

Littafi Mai Tsarki bai raina magani ba. Luka likita ne, annabi Ishaya kuma ya sa a ɗora wa sarki Hezekiya ɓaure a kan marurunsa. Magani baiwar Allah ce, amana ce kuma, domin wanda ya ɓata shi ya ɓata wa jikokinsa. Saboda haka mu je asibiti a duba mu kafin mu sha, mu bi ƙa'idar da aka ba mu daidai, mu wanke rauni da sabulu da ruwa mai tsabta, mu kai yara rigakafi. Zumuntar mata da dattawan ikkilisiya su duba ɗan'uwan da ba shi da kuɗin cikakken magani, a cika masa daga baiko, kada talauci ya sa shi shan rabi.

Ubangiji ya ba masu bincike hikima, mu kuma ya ba mu kunnen ji. Amin.