Maki Ɗaya Tak Tsakanin Zmarzlik Da Kurtz

A tseren babura na speedway, babur ba shi da birki, giyarsa ɗaya, kuma mahaya huɗu ke kewaya filin ƙasa sau huɗu cikin kimanin minti guda. Wanda ya makara wajen tashi, da wuya ya cim ma na gaba.

A 2025 Bartosz Zmarzlik ɗan Poland ya lashe kambun duniya karo na shida, ya kamo Ivan Mauger da Tony Rickardsson. Amma da ƙyar ya sha: maki ɗaya tak ya raba shi da Brady Kurtz ɗan Ostireliya, wanda ya cinye gasanni biyar na ƙarshe a jere. Makin farkon kaka ne ya ceci Zmarzlik. Muddin Kurtz ya buɗe sabuwar kaka da zafin da ya rufe waccan, kambu na bakwai zai yi wa Zmarzlik wuyar samu.