Me Ya Sa Manhajar Da Aka Turo Maka Ta Xender Ta Ƙi Shiga Wayarka?

Idan kana Gangara ko cikin garin Jibia, ka san yadda ake yi: data na tsada, sabis na yawo, sai abokinka ya turo maka manhaja ta Xender. Wani lokaci ta shiga lafiya, wani lokaci kuma wayar ta ce atafau. Kada ka yi saurin kai ta wurin mai gyara, wataƙila lafiyarta ƙalau.

Ƙwaƙwalwar waya, wato furosesa, iri-iri ce. Yawancin wayoyin Android na amfani da ARM, amma akwai mai bit 32 da ake kira armeabi-v7a, akwai mai bit 64, arm64-v8a. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa na tafiya ne a kan 32. Tun watan Agusta 2021 sababbin manhajoji ke shiga Play Store a tsarin App Bundle, inda kowace waya ke sauke kason da ya dace da ita kawai. To ka ga idan mai babbar waya ya turo maka nasa kason, taka ba lallai ta iya karanta shi ba.

Kai kuma mai koyon haɗa manhaja, nan ne aikinka yake. Kompaila na fassara lambobinka ga furosesa guda a lokaci guda, kuma duk laburaren da zai jingina da su dole su zama na wannan furosesar. Ka nuna masa hanyar laburaren kwamfutarka mai x86_64 alhali waya kake gina wa, zai ce ba su dace ba, ya tsaya. Ka bar NDK da CMake su zaɓi hanyar, kowane iri da babban fayil ɗinsa.

Akwai wani tarkon. Android na zaɓar babban fayil ɗaya ne ya ɗauki abin da ke ciki. Idan laburare ɗaya ya ɓace a arm64-v8a, ba zai leƙa na 32 ya aro ba; manhajar za ta iya mutuwa da an buɗe ta.

Tun 1 ga Agusta 2019 Google ya wajabta nau'in 64, kuma Pixel 7 na 2022 ba ya karɓar manhajar 32 zalla. Amma ɗan kasuwar da ke tsakanin Jibia da Maraɗi da ƙaramar wayarsa har yanzu 32 yake buƙata. Ka gina duka biyun, sannan ka ari tsohuwar wayar ƙaninka ka gwada kafin ka saki.