Me Ya Sa Shinkafa Ke Neman Wake?

Da an tashi tara, da yawanmu wurin mai garau-garau muke nufa. Ashe darasin kimiyya ne muke ci da mai da yaji.

Furotin, sinadarin da ke gina mana tsoka da fata da gashi, kamar carbi yake: ƙananan ƙwayoyi ne a jere, ana kiransu amino asid. Iri 20 ne, kuma yadda suka jeru shi ke bambanta furotin ɗin ƙwai da na gero. Jikinmu kan haɗa 11 da kansa, sauran 9 kuwa sai daga abinci.

Ƙwai da nono da kifi da nama suna ɗauke da duka taran isassu. To amma mu nawa ne ke cin nama kullum? Shinkafa da masara da gero da dawa, waɗanda muka fi ci, suna da ƙarancin laisin, ɗaya daga cikin taran. Wake kuwa laisin ya ishe shi, metiyonin ne bai wadace shi ba, shi kuma hatsi na da shi. Idan suka haɗu, kowa ya cike giɓin ɗan'uwansa. Haka koko da ƙosai. A fura ma, nonon ne ke cike wa geron.

Ba lallai a kwano ɗaya ba. Tuwon dare ma zai amfana da alalar da muka ci da rana.