Yarjejeniya Kafin Aiki

Idan mutum ya sayi tikitin jirgi ta intanet, manhajoji dabam-dabam ke tarayya cikin aikin: wata ta kama kujera, wata ta karɓi kuɗi. In suka saɓa, kuɗi sun tafi, kujera babu.

Don haka masana ke rubuta ƙa'idar ma'amalarsu da harshen lissafi: wace ke aika saƙo, wace ke amsawa. Sa'an nan kwamfuta ta bi dukkan hanyoyi tana neman kuskure.

Tun 2011 injiniyoyin Amazon suka rungumi irin wannan harshe, TLA+, wanda Leslie Lamport ya ƙago. A rumbunsu na DynamoDB ya tono wani aibi mai iya ɓatar da bayanai, wanda ba ya bayyana sai bayan mataki 35. Gwaji bai gano shi ba. Lalle rigakafi ya fi magani.