BABI NA HUƊU: WAƘAR DA AKA FI SO DA ABUBUWAN DA TAKE TUNATARWA A MASAMA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren waƙoƙin da ake saurare a Masama da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Gwandu, tun daga waƙoƙin fada da na noma da na dambe har zuwa na zamani. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin amsa tambaya guda ɗaya, wato mene ne dalilin da ke sa mutum ya ware wata waƙa daga cikin ɗimbin waƙoƙin da ya sani ya ce ita ce tasa? Abin da wannan bincike ya gano shi ne, mafi yawan lokaci daɗin kiɗa da gwanintar makaɗi ba su kaɗai ne ke jawo wannan zaɓi ba. Waƙar da mutum ya fi so ita ce wadda ta ɗauru da wani lokaci ko wani wuri ko wani mutum a rayuwarsa, ta yadda da zarar ya ji ta sai abin ya dawo masa sabo. Don haka za a duba yadda wannan ɗauri yake aukuwa, da yadda ya bambanta tsakanin dattawa da magidanta da mata da matasa, sannan a nuna abin da sauyin hanyoyin saurare ya haifar.

4.1 Bambancin Shahararriyar Waƙa da Waƙar da Aka Fi So

Ya kamata tun farko a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Shahararriyar waƙa ita ce wadda jama'a suka yarda da ingancinta, kamar Bakandamiyar Ibrahim Narambaɗa ko ta Alhaji Mamman Shata. Waƙar da aka fi so kuwa ta mutum ɗaya ce, kuma ba lallai ne kowa ya san ta ba. A lokacin tattara bayanai na lura cewa idan aka tambayi dattijo waƙar da ta fi kowace, nan take yakan ambaci ɗaya daga cikin shahararrun. Amma idan hira ta yi nisa aka tambaye shi wadda ke taɓa masa zuciya, sai ya yi shiru tukuna, sannan ya ambaci wata daban, kuma kusan kullum sai ya biyo da labari.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi wannan yanki. Gwandu gari ne na malamai, a nan ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, kuma a nan hubbarensa yake. Saboda haka mutum mai kamala yakan ji nauyin a ce yana sauraren kiɗa. Wasu daga cikin waɗanda na zanta da su sun fara da cewa sun bar wannan tun tuni. Duk da haka, su ɗin ne daga baya suka riƙa tuna mini sunayen makaɗa da wuraren da suka gan su. Wannan ya nuna cewa mutum yana iya barin saurare, amma abin da waƙa ta ajiye masa yana nan.

4.2 Yadda Waƙa ke Ɗauruwa da Tunani

Ana iya kawo dalilai uku da ke sa waƙa ta riƙe abin da ya wuce fiye da maganar yau da kullum.

Dalili na farko shi ne tsarin ita kanta waƙar baka. Kowace waƙa tana da gindi wanda 'yan amshi ke maimaitawa bayan kowane ɗa da jagora ya kawo. Waƙa ɗaya tana iya ɗaukar minti ashirin ko fiye, ana ta komawa kan gindin nan. Mai saurare ko bai yi niyyar hardacewa ba sai ya tarar ya zauna masa. Haka kuma karin murya da rauji suna taimakawa, domin mutum yakan manta kalmomi amma ya riƙe karin.

Dalili na biyu shi ne, a al'adar Bahaushe waƙa tana tafiya da lokacinta. Kiɗan noma na damina ne wajen gayya, dambe na bayan kaka ne idan an kai amfanin gona gida, kiɗan fada kuwa na ranar salla ne ko naɗin sarauta. Ke nan wanda ya ji waƙa a irin wannan hali ya ji ta ne tare da ƙurar fage da hayaniyar jama'a da fuskokin waɗanda ke tsaye kusa da shi. Duk waɗannan suna shiga zuciya tare, kuma tare suke fitowa.

Dalili na uku ya shafi shekaru. Masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar cewa abubuwan da mutum ya fi tunawa idan ya manyanta su ne waɗanda suka same shi tsakanin shekara 10 zuwa 30 da haihuwa. A wannan tsakani ne ake yin abokai da neman aure da fita cirani na farko. A shekarar 2009 wani masani mai suna Petr Janata na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya nuna cewa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi yana aiki sosai a lokacin da mutum ya ji waƙar da ta tuna masa da rayuwarsa. Wannan ya yi daidai da abin da na tarar a Masama, domin da wuya na sami wanda waƙar da ya fi so ba ta zamanin samartakarsa ba ce.

4.3 Rukunan Masu Saurare

4.3.1 Dattawa

Dattawan da suka haura shekara 70 sun fi ambaton makaɗan fada, irin su Narambaɗa mai kotso, da Salihu Jankiɗi mai taushi, da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991. Da yawansu ta rediyon Kaduna da Rima Rediyo ta Sakkwato suka san waɗannan muryoyi. Wani dattijo ya bayyana mini cewa duk lokacin da ya ji waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa Sardaunan Sakkwato, abin da ke zo masa shi ne ranar da labarin kisan Sardauna ya iso gari a watan Janairu na 1966, ana cikin azumi, da yadda mahaifinsa ya kasa cin abinci bayan shan ruwa. A nan turken waƙar yabo ne, amma abin da take tayar masa baƙin ciki ne. Wannan ya nuna cewa manufar makaɗi daban take, abin da mai saurare ke ji kuma daban.

Wani kuma da ya taɓa dambe a ƙuruciyarsa ya ambaci Muhammadu Bawa Ɗan'anace da waƙarsa ta Shago, da kuma Illon Kalgo wanda yake na kusa da gida. Ya ce har yanzu idan ya ji kalangun dambe sai jikinsa ya ɗauki tsuma, alhali ko sanda ba ya iya saki. Da ya ci gaba da bayani sai ya koma lissafa abokan da suke zuwa fage tare, waɗanda babu ko ɗaya da ya rage.

4.3.2 Magidanta

Magidanta masu shekara 40 zuwa 60 su ne 'yan zamanin kaset. A lokacinsu ne aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, kuma da yawansu sun yi tafiye-tafiyen cirani da fataucin albasa zuwa kudancin ƙasar nan. Waƙoƙin Shata da na Ɗanmaraya Jos ne suka fi fitowa daga bakinsu. Wani ya ce a bayan babbar mota bisa buhunan albasa ya hardace waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya, saboda direban da ke ɗaukarsu kaset ɗin nan kaɗai gare shi. A yau idan ya ji kuntigi sai ya tuna sanyin dare a hanya da kewar gida. Wasu kuma suna iya faɗin inda suke zaune a ranar 18 ga Yuni, 1999 da aka sanar da rasuwar Shata.

4.3.3 Mata

Bayanan da na samu daga mata, ta hannun 'yan uwana mata da suka taimaka mini shiga gidaje, sun sha bamban da na maza. Ko da yake suna ambaton Barmani Coge wadda ta rasu a 2013, musamman waƙoƙinta na kwaɗaitar da mata neman sana'a, waƙoƙin da suka fi motsa su ba su da sunan mai su. Su ne waƙoƙin daka da niƙa da reno da na gaɗa a dandali, da waɗanda ake yi ranar kai amarya. Wata tsohuwa ta ce waƙar niƙan da mahaifiyarta ke yi da asuba ce ta fi so, kuma tun da injin niƙa ya shigo gari ba ta sake jin wani ya yi ta ba. Irin wannan waƙa babu ta a kaset, babu ta a rediyo, a bakin tsohuwar nan kaɗai ta rage.

4.3.4 Matasa

Matasa sun fi karkata ga mawaƙan zamani kamar Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker. Dattawa sukan ɗauka cewa waɗannan waƙoƙi ba su da nauyin da za su tuna wa mutum komai, amma binciken bai nuna haka ba. Ɗalibai da dama sun danganta waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker da shekarar 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda cutar korona, malaman jami'o'i kuma suna yajin aiki, ga ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi. Waƙar soyayya ce, amma abin da take tuna musu shi ne dogon zaman gida da rashin sanin ranar komawa karatu.

4.4 Sauyin Hanyar Saurare

Idan aka dubi waɗannan rukunai za a ga cewa hanyar saurare ta yi ta ƙuntata. Da farko a fage ake jin waƙa tare da dukan gari. Daga nan aka koma gindin bishiya inda mutum goma ke kewaye rediyo ɗaya, sai kaset a shago ko a mota, yanzu kuma kowa da wayarsa da abin sawa a kunne. Sakamakon haka shi ne, dattawa biyu suna iya jin waƙa ɗaya su tuna rana ɗaya, su taya juna labari. Matashi kuwa abin da waƙa ke tuna masa nasa ne shi kaɗai.

Shi kansa mai wannan bincike yana da misali a gida. Kakana yana da akwatin kaset-kaset na makaɗan fada da yake saurare bayan la'asar, ni kuma a lokacin ban ga abin so a ciki ba. Bayan rasuwarsa, wata rana ina tasha a Birnin Kebbi na ji muryar Ɗanƙwairo daga wani shago, sai na ga kamar ga shi nan zaune bisa tabarmarsa. Da na koma gida na buɗe akwatin, na tarar danshi ya lalata mafi yawansu. Waƙoƙin Ɗanƙwairo ana samunsu a intanet, amma akwai kaset biyu da aka ɗauka a wani taron gayya na garinmu, waɗanda ba a da su ko'ina, kuma wanda zai faɗi sunan makaɗin ya riga ya tafi.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa waƙar da mutum ya fi so rumbu ce da yake ajiye wani yanki na rayuwarsa, kuma maimaita gindin waƙa da lokacin da aka ji ta da shekarun mai saurare su ne ke ƙulla wannan dangantaka. An kuma ga cewa abin da waƙa ke tayarwa yana iya saɓa wa turkenta, kamar yadda waƙar yabo ta zama ta juyayi. Saboda haka nazarin waƙar baka da ya tsaya ga makaɗi da salo da turke kawai bai cika ba sai an ji daga bakin mai saurare. Waƙoƙin da suka fi fuskantar salwanta su ne na mata da na ƙananan makaɗan ƙauye waɗanda ba a taɓa ɗauka ba, don haka akwai buƙatar a hanzarta naɗar su tare da labaran masu su tun suna raye. A babi na gaba za a kawo taƙaitawa da shawarwarin da wannan bincike ya bayar.